Tasar Inna a Jeren Amarya

Innata tana da wata tasa da ta girme ni, ta girmi yayata. Ita kanta Innar ta ce ta buɗe ido ne ta gan ta a ɗakin uwarta. Ta kuza ce, irin kuzar da ake haƙowa a duwatsun Riruwai, can gaba da Doguwa. Kakanmu ya yi fatauci da jakuna a wannan yankin tun ba a yi hanyar mota ba, a can ya sa aka zuba masa ita ya kawo gida. Ba ta da wani kyau mai ɗaukar ido. Launinta kamar na sama idan hadari ya fara haɗuwa. Akwai zane layi biyu kewaye da bakinta, da wata lotsawa a gefe inda aka ce akuya ta taɓa takawa. Idan ka ɗauke ta sai hannunka ya ɗan yi ƙasa, domin ta fi yadda ido ya auna ta nauyi.

Tun ina yarinya ni ce mai wanke ta, saboda Inna ta ce Yaya tana da gaggawa. Ba a sa mata yashi. Toka mai laushi ce da tsumma, a bi ta a hankali, a ɗauraye, a kife ta a inuwa. Kuma ba a ɗora ta a wuta, ko kusa da murhu ba a ajiye ta. Inna takan ce kuza ba ta da jimirin wuta, da kaɗan ta fi man shanu. Wannan magana na ji ta har ta zauna mini, yadda ko cikin barci aka tambaye ni zan faɗa.

Bayan rasuwar mahaifinmu Inna ta dawo wurina a Ƙofa. Idanunta sun yi yana, ba ta ganin komai sai haske da duhu. Kullum bayan azahar nakan dama mata fura a tasar nan kafin in tafi ajin yaƙi da jahilci da muke yi da la'asar. Takan ɗora ta a cinya, babban yatsanta ya nemi lotsawar ya zauna a ciki, sannan ta ɗauki ludayi. Tana cewa fura ta fi sanyi a cikinta. Ban taɓa yi mata musu ba. Na lura dai idan an ba ta a wani kwano ba ta shan rabi.

A tsakiyar shekarun 1980, lokacin da kayan kanti suka fi ƙarfin irinmu, masu zubin alminiyam suka yawaita a kasuwar Tudun Wada. Mace takan tara tukwanen da suka huje, da karyayyun cokula, da guntayen ƙarfen injin mota idan ta samu, ta kai musu su narka su zuba mata sabo. Duk uwar da ke da 'ya budurwa tana da buhun tarkace a bayan ɗaki. Yaya, wadda ke aure a Tudun Wadan, nata buhun ya cika daidai lokacin da aka sa ranar 'yarta ta fari. Yaron da zai aure ta ɗan wani ƙauye ne kusa da Falgore, gidan Fulani masu shanu da noma, kuma su biyun ne suka daidaita kansu.

Wata safiya da kaka, ana tsakar yankan dawa, Yaya ta zo. Ta gaida Inna, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

“Inna, aron tasarki na zo.”

“Tasata ba ta zuwa unguwa.”

“Ba biki za ta ba. Wurin mai zubi za a kai ta, ya danna ta a ƙasa ya ɗauki siffarta, ya zuba wa jikarki irinta. Ko ɗumin wuta ba za ta ji ba.”

“Duk kwanukan da ke kasuwa ba su ishe ta ba, sai tsohuwar tasata?”

“Ita ta nace. Ta ce a ciki ta saba lashe ragowar furarki.”

Inna ta yi dariya har ta yi tari. “Ɓarauniyar fura. Ragowa ta ce? Ai tun ban sha ba take farawa.” Sai ta juyo inda take jin motsina. “Ke za ki bi ta. Ki ga abin da za a yi mata da idonki.”

Ranar kasuwa na ɗaure ta a ɗankwali muka tafi. Mai zubin yana can gefen kasuwa, ƙarƙashin wata rumfar kara, da tulin gawayi da wata ƙafar keke da ake juyawa tana hura wuta. Da ya karɓi tasar ya ɗaga ta sau biyu a tafinsa, ya dube ni, ya ce wannan tsohon hannu ne. Bai jira na yi magana ba ya kai ta can nesa da wutar. Na ji daɗin hakan. Na tsaya ina kallo ya cika wani akwatin katako da ƙasa mai laima, ya danna tasar a ciki, ya daddaka da kyau, ya cire ta a hankali. Gurbinta ya fito a ƙasar sarai. Ya rufe, ya bar wata 'yar kafa a sama, ta nan ya tsiyaya narkakken alminiyam. Da ya huce ya fasa ƙasar, sai ga tasar Inna sabuwa, fara tas, da zanenta layi biyu, har da lotsawar.

Yaya ta tafa hannu ta ce, “Har takun akuyar an gada.”

Na karɓa na jujjuya. Ba ta da nauyi ko kaɗan. A gindinta, inda ƙarfen ya shiga, akwai wani tudu da ya yanke ya goge da magagari, ya bar tabo kamar cibiya. Jikinta kuma idan ka shafa za ka ji 'yan ƙurarraji na ƙasar da aka zuba ta a ciki. Mai zubin ya ce kowace tasa sai an sake danna ta asalin, ga shi gawayinsa ya yi ƙasa, sai dai a bar masa ita zuwa wata kasuwar. Yaya ta ce ita za ta karɓo. Na koma na gaya wa Inna duk abin da na gani, ta ce to, Allah Ya kai mu.

Abin da ya faru daga nan, daga baya na ji shi. Yaya ta karɓo tasoshin duka a buhu guda, ta asalin tana ciki. Ana gobe jere, ƙawayen amarya suka juye su a babban baho tare da sauran kaya, suka bi su da yashi da lemon tsami da soson ƙarfe. Yara ne masu ƙarfi, kuma so suke kayan ƙawarsu su yi ƙyalli. Suka murje tasar Inna har duhun nan nata na shekaru ya fita, ta yi haske kusan kamar sauran. Gwaggonnin amarya ne suka je jere, ni ina madafa tun asuba, kuma ban bi 'yan kai amarya ba saboda na bar Inna a gida. Da zan taho Yaya ta miƙo mini ƙulli, tasa cike da alkaki da nakiya, ta ce ga ta Inna. Na sa a kwando na ɗora a ka.

Washegari da na juye alkakin, tasar ta taso a hannuna kamar busasshiyar ƙwarya. Ban ma buƙaci dubawa ba, amma na kife ta. Ga cibiyar nan.

Maigidana yana zaune a tsakar gida yana gyaran igiyar guga. Na ce masa an ba ni wata tasa ba ta Inna ba.

Ya karɓa ya duba. “Ai ita ce. Ga lotsawar nan. Wanki ta sha kawai.”

Na ɗauki ludayin ƙarfe na ƙwanƙwasa bakinta. Ta yi ƙara siririya, busasshiya. Na ce masa ta Inna idan ka buga ta amsawa take ƙasa-ƙasa ta yi shiru, kamar ka bugi tulun da ke cike da ruwa.

“To ko ba ita ba ce, Inna gani take? Dama mata a ciki, a zauna lafiya.”

Ba da mugun nufi ya faɗa ba, ba ya son tsohuwar ta damu ne. Na ce masa idanunta ne suka tafi, hannuwanta suna nan. Na shiga ɗakinta na ɗora mata tasar a cinya, babu komai a ciki, na gaya mata gaskiya. Yatsanta ya tafi kai tsaye ya sami lotsawar. Ta shafa baki, ta shafa ciki, ta juya gindin.

“An yi ƙoƙari,” ta ce. “Amma jaririya ce. Ga cibiyarta ko warkewa ba ta yi ba.”

Ba ta yi faɗa ba. Ta miƙo mini ita, ta gyara zama, sannan ta jefo mini tambaya.

“Yaushe yarinyar za ta fara girki?”

A wurinmu amarya ba ta taɓa murhu sai ta gama kwanakin amarci, abinci daga ɗakin surukarta ake kawo mata. Ranar da ta fara girki kuwa, tasar alminiyam ba a jin tsoron ɗora ta a wuta a ɗumama miya ko a soya mai. Yarinyar ta san tasar kakarta ba ta shiga wuta, amma ba ta san tana cikin kayanta ba. Ranar Inna ta sha fura a ƙwarya, ludayi kaɗan, ta ce ta ƙoshi.

Na aika wa malamar ajinmu cewa ba zan zo ba, na kama hanyar Tudun Wada da sassafe. Na tarar da Yaya tana mayar da tabarmin da aka aro. Da na nuna mata tasar ta zauna a bakin turmi ta riƙe haɓa.

“Na shiga uku da Inna.”

“Ba ta ce komai ba. Tasarta kawai za a ɗauko kafin ta ga wuta.”

“A ɗauko daga ina? Daga jere?” Ta rage murya duk da babu kowa kusa. “Kin san abin da za a ce. Ko mako ba a yi ba dangin amarya sun zo kwashe kaya. Za a ce jeren aro muka yi. Yarinyar nan ita za ta zauna da wannan magana, har 'ya'yanta sai an gaya musu.”

Gaskiya ta faɗa. Mun san gidajen da aka yi haka, a aro kaya a cika ɗaki don idon mutane, bayan biki a bi dare a janye. Ba a mantawa da irin wannan, kuma ba uwar ake yi wa gori ba, 'yar ake yi wa. Ita Yaya ba ta da damar zuwa ko da tana so, 'yar fari ce, kunya ba za ta bar ta ta taka gidan ba. Ni ƙanwar uwa ce, ni ake sa ran in leƙa da ɗan kayan miya kafin a fara girki.

Na ce mata zan zuba daddawa a cikin wannan, in kai wa amarya. Idan zan taho in ɗauko tasar da na zo da ita. Wa zai ce wani abu don mace ta koma da kwanonta?

“Za ki gane ta? An ce duk sun zama ɗaya. Kuma ɗakin amarya ba ya rabuwa da mutane.”

“Ko a duhu zan gane ta.”

“To don Allah kada kowa ya ji. Ko ita yarinyar, in da hali.”

Na shiga motar Doguwa na sauka a Falgore. Daga nan tafiyar ƙafa ce ta cikin gonaki, dawa a tsaye wani wuri, wani wuri an kwantar, shanu suna bin karan. Wata mai tallan nono ta raka ni har ƙofar gidan. Aka karɓe ni da mutunci, aka kai ni ɗakin amarya. Iya take ce mini. Tana ganina ta rufe fuska tana dariya tana hawaye. Akwai 'yan mata biyu na gidan a ɗakin, suna zaune suna kallon kaya, kamar yadda Yaya ta faɗa.

Tasoshin suna saman kabad, an jingina su a jere tsakanin samiru da langa-langai. Na sha ruwa, na huta, na tashi kamar mai yaba jere. Ina cewa gwaggonninki sun iya aiki, ina ɗaga tasa ɗaya kaɗan in mayar. Ta farko ba nauyi. Ta biyu ma haka. Na bi su har ta ƙarshe, na sake bi ina shafa gindinsu. Kowace da cibiyarta. Tasar Inna ba ta cikinsu.

Sai da aka kira 'yan matan nan cin abinci na samu na tambayi amarya ko akwai wadda ta fita.

“Goggo ta aiko aka karɓi ɗaya jiya.” Goggo ita ce uwar mijinta, haka duk gidan ke kiranta. “Wai za ta soya mini man shanun da zan fara girki da shi. Ba ta dawo da ita ba, ni kuma ina zan iya tambaya?”

“Wacce kika bayar?”

“Wata da ba ta ƙyalli kamar sauran. Na ga ba za ta rage wa jeren kyau ba. Lafiya, Iya?”

Na ce lafiya. Na juye mata rabin daddawar a wani kwano, na ce ragowar zan kai wa surukarta gaisuwa. Ina fita ina jin maganar Inna ta man shanu a kunnena. Na riga na sa a raina wataƙila dunƙulen ƙarfe zan tarar a cikin toka.

Goggo doguwar tsohuwa ce siririya, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kankare ƙwarya. Ta ce mini jaɓɓama, wato maraba da Fulatanci, ta shimfiɗa tabarma, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi Inna, ta tambayi hanya, na tambayi shanu. Da na buɗe faifan na tura mata daddawar, ba daddawar ta kalla ba, tasar ta kalla. Ta kau da kai, ta ci gaba da kankare ƙwaryar da ta riga ta yi fes.

Dabarar da muka shirya da Yaya ba ta da amfani a nan. Ba zan iya shiga ɗakin tsohuwa in yi musaya ba. Na auna maganar Yaya, na auna fuskar matar nan, na ga babu abin da ya rage sai a faɗi gaskiya.

“Goggo, akwai maganar da na zo da ita, ke kaɗai nake so ki ji. Kan tasar da aka karɓo daga ɗakin amarya ce.”

Ta ajiye wuƙar. “Na san za a zo,” ta ce. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta yafito ni. A can ƙarshen jeren ƙorenta ta ɗaga wata babbar ƙwarya da aka kife. Tasar Inna tana ƙarƙashi. Bakinta ta gefe guda ya lanƙwashe ya zubo, ya daskare da ɗigo kamar na kyandir, zanen wurin ya shafe. Amma cikinta lafiya lau, bai huje ba. Man da ke ciki ne ya tsare shi, inda harshen wuta ya lasa sama da man ne ya narke.

“Na ɗora, na juya in ɗauko albasa,” ta ce. “Ina waigowa na ga bakin tasa yana hawaye. Na fizge ta da zanena. Tun ina budurwa nake soya mai, ban taɓa ganin haka ba. Kayan yarinya, sabo, ko taɓawa ba ta yi ba, uwar miji ta lalata. Da wane baki zan faɗa? Tun jiya nake tunanin in aika kasuwar Doguwa a nemo irinta.”

Na ɗauke ta. Hannuna ya yi ƙasa yadda ya saba. Na ce mata wannan ba ta amarya ba ce, ta mahaifiyata ce, tsohuwar kuza, kuskure aka yi ta shiga jere. Ta amarya ita ce wadda na zo da daddawa a ciki.

Ta dube ni ta gefen ido. “Ku mutanen gari kun iya magana. So kike ki rufa mini asiri, shi ne kika ƙirƙiro wata tsohuwa da tasarta.”

“Tsohuwar tana nan Ƙofa, ta ƙi shan fura.”

“Iri ɗaya ne fa. Ga lotsawa, ga lotsawa.”

Na juye daddawar a faifai, na ɗora mata tasa ɗaya a kowane hannu. Ta ɗaga su, ta sauke.

“Nauyi dai na ji. Amma maƙeri yana iya cika hannu a ɗaya.”

Na ƙwanƙwasa mata su da zobena, ta kasa kunne. Na kife su na sa yatsanta a kan cibiyar sabuwar, sannan a kan gindin tsohuwar, sumul kamar tafin jariri. Na nuna mata yadda farce yake barin ɗan sawu a jikin kuza idan an danna, a jikin ɗayar kuwa sai dai farcen ya karye. Tana gyaɗa kai, amma na ga ba ta gama yarda ba. Kwana ta yi tana ɗaukar laifin a kanta, ba za ta sauke shi don maganar baƙuwa ba.

Na ce, “Akwai sauran man da ba a soya ba?”

“Akwai.”

“A hura wuta. Mu ɗora wannan sabuwar a murhun da kika ɗora waccan.”

“Idan ita ma ta yi hawaye fa? Sun zama biyu.”

“Idan ta yi, ni na narka ta, ni zan faɗa wa uwar yarinyar.”

Ta hura wutar da kanta, ta ƙara kara har harshen ya tashi ya rufe bakin tasar. Muka zauna a kan duwatsu muna kallo. Man ya narke, ya yi kumfa, ta jefa albasa, ƙanshi ya cika gidan. Gefen tasar ya yi baƙi da hayaƙi, amma ko gezau. Goggo ta tsura mata ido har man ya yi ja, sannan ta sauke ta da tsumma, ta zauna, ta fara dariya a hankali tana girgiza kai.

“Ni da nake cewa kayan zamani ba su da ƙwari. Ashe kakarsu na ɗora a wuta.”

Sai na gaya mata tsoron Yaya, na maganar jeren aro. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

“Jere ya cika ko bai cika ba?”

“Da wannan ya cika.”

“To ni ban ga abin da ya fita ba. Ke ma ba ki ga tasar da ta yi hawaye ba.”

“Wannan kam Inna za ta gani, da yatsunta.”

Ta dubi tasar. “Ki ce mata wata tsohuwar Bafulatana ce mai garaje. Ki ce na ce ta yafe.”

Ta wanke tasar Inna da kanta, na hana ta sa yashi. Ta cika ta da curin man shanu ɗanye, ta rufe da faifai, ta ɗaure, ta haɗa mini da gorar nono. Ta rako ni har tsakar gida tana cewa da ƙarfi, yadda matan gidan za su ji, ba a mayar wa baƙo kwanonsa babu komai. Sabuwar tasar kuwa ta aika wa amarya da soyayyen man a ciki. Yarinyar ba ta san abin da ya faru ba sai bayan ta yi haihuwar fari, ni da Goggo muka ba ta labari muna gasa mata nama.

Na biya ta Tudun Wada na gaya wa Yaya. Ta ce na karya alkawari. Na ce na karya, kuma matar da na faɗa wa ba za ta faɗa wa kowa ba. Haka kuwa aka yi.

Na isa Ƙofa rana ta yi sanyi. Na kwashe man, na wanke tasar da toka da tsumma, na dama fura da nonon Falgore, na kai wa Inna duk da lokacin furarta ya wuce. Tana jin nauyin a cinyarta ta sauke ajiyar zuciya. Yatsanta ya sami lotsawar. Ɗaya hannun ya bi baki har ya kai inda ya narke, ya tsaya. Na ba ta labari duka, da saƙon Goggo.

“Ta fizge ta da zanenta?”

“Haka ta ce.”

“Ba ta ƙone ba dai?”

“Ban ga alama ba.”

“To ta fi akuyar hankali. Ki aika mata na yafe.” Ta sake shafa jikin tasar, ta yamutsa fuska. “Waɗannan yaran ne ba zan yafe wa da wuri ba. Sun kankare mata fuska. Sai ta yi shekaru kafin ta dawo.”

Ta ɗauki ludayi ta sha har ta kusa kaiwa gindin.

Ta yi shekarun kuwa. Inna ba ta kai ga lokacin da duhun ya gama dawowa ba, amma ta sha fura a cikinta har ƙarshe, kuma yatsanta ya koyi sabon wuri, yakan bar lotsawar ya je ya zauna a kan ɗigon nan na baki. Tasoshin amarya sun yi aikinsu, kanwa ta cinye wasu, wasu sun huje, ta tara su a buhu ta kai an zuba mata tukwane. Ta Inna tana wurina. Jikokina idan suka zo sukan tambayi me ya sami bakinta, sai in ɗora musu ita a hannu tukuna, su ji nauyin, sannan in fara daga akuyar.